Gudumar Glenys Rohde

Ranar Litinin, takwas ga Nuwamba, 1999, na fara ganin Glenys Rohde. Ranar ce kuma ta farko da aka bar ni ni kaɗai a ɗakin awo na ƙungiyar manoman garinmu, arewa da Adelaide, a Kudancin Ostireliya. Aikina shi ne duk motar da ta hau babban sikeli in rubuta nauyinta, da abin da ta ɗauko, da sunan mai kaya, da inda za ta. Har yau shi nake yi.

Da hantsi wata tsohuwar tirela ta hau sikeli, shaƙe da dammunan ingiricin ot, wani hatsi mai kama da alkama. Akori-kura na biye da ita. Wata mata ta fito daga ciki, gajera, kakkaura, da hular maza a kanta, ƙotar wata ƙaramar guduma ta leƙo daga aljihun wandonta. Ta zura kai ta tagata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne sabon akawun? Kai, sun samo mana mai farar riga."

Na ce ni ne, sunana Trevor. Na tambaye ta wane aji zan rubuta wa ingiricin, domin a takardarmu akwai gurbin na ɗaya, da na biyu, da na uku.

Ta ce, "Rubuta, na shanun Des."

Na ce, "Ai babu gurbin wannan."

"To ka yi masa gurbi mana, Akawu. Wa ya riƙe maka alƙalamin?"

Na rubuta shi a gefen takarda, da ƙananan haruffa. Daga ranar ba ta taɓa kirana Trevor ba.

A gonar da take nomawa aka haife ta. Mahaifinta ya bar mata abu biyu: ƙasar ot, da garken tumaki masu laushin gashi waɗanda ya yi rayuwarsa yana zaɓar iyayensu. Mijinta, Keith, ya rasu shekara uku kafin zuwana, ciwon zuciya ya ɗauke shi. Mutane suka zaci za ta sayar ta koma gari. Da watan Mayu ya zo sai aka ga ta hau tarakta ta yi shuka.

Mu nan yawancin ot ɗinmu ba ma barinsa ya yi ƙwaya. Da ya fid da kai ake yanke shi yana ɗanye, a bar shi a gona layi-layi ya bushe, sannan mai inji ya zo ya ɗaure shi manya-manyan dammuna. Mafi kyau kamfanoni ke saya su aika ƙetare, su kuwa launi suke bi, sai kore shar. Glenys takan sayar musu idan ya yi saura. Amma masu sayenta na gaskiya 'yan gida ne: masu shanun madara, da masu tumaki, da masu dawaki. Duk wanda ya zo mata, kafin a yi maganar komai, tambaya ɗaya take yi: "Wa zai ci?"

Ba wasa take yi ba. Saniya mai tatsa, in ji ta, sai wanda aka yanka da wuri, mai siririn kara da yawan ganye, in ba haka ba ta cika ciki ta rage nono. Tunkiya ba ta da tsirfa, ko karan ya yi kauri za ta ci, in da 'yar ƙwaya a ciki ma murna take. Doki kuwa babban mutum ne, ƙura kaɗan ta sa shi tari, warin fumfuna kaɗan ya juya baya. Saboda haka rumfarta kashi-kashi take, ba ta aji ba, ta bakin da zai ci.

Na taɓa ganin wata mata daga birni ta tare ta a harabarmu, tana son mafi kore domin ɗan dokin 'yarta.

Glenys ta ce, "Nuna mini hotonsa."

Matar ta ciro hoto daga jaka. Glenys ta duba, ta kwashe da dariya.

"'Yar'uwa, wannan doki ne ko ganga? In na ba ki koren nan mai zaƙi, kafin Kirsimeti ciwon kofato ya kwantar da shi. Zo in ba ki wanda ya fi muni a rumfata, shi ne maganinsa."

Matar ta ce, "Kina nufin ɗana ya yi ƙiba?"

"Ina nufin kina ƙaunarsa da yawa."

Su biyun suka yi ta dariya. Shekaru da dama bayan haka ina ganin motar matar tana hawa sikelina da mummunan ingirici.

Gudumar kuwa ta gwajin bushewa ce. Karan ot yana iya bushewa ƙayau a waje, amma gaɓarsa ta riƙe ruwa a ciki. Sai a ɗora gaɓar a kan ƙarfe a buge ta. In ta farfashe ba ta bar komai ba, a ɗaure. In ta bar tabon danshi, a jira. Dami in an ɗaure shi da ruwa a cikinsa yakan yi fumfuna, wani lokaci ya ɗau zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa a cikin rumfa. Kowa a nan ya san wannan gwaji. Bambancin Glenys shi ne, ita abin da gudumar ta faɗa shi take yi.

Des, mai shanun da na rubuta a gefen takarda, ƙanin mijinta ne. Yana kiwon shanun madara a bakin kogin Murray, tafiyar rabin yini a tirela. Dogo ne, mai ƙara, ba ya iya magana a hankali. Tun Keith na da rai rabon Des ake fara warewa kowace shekara, bayan rasuwarsa ma ba abin da ya sauya. Ba su taɓa haɗuwa a gabana ba su tsokani juna ba.

"Matar yaya, bana ma karan tsintsiya kika noma mini?"

"Tsintsiyar ce ta sa maka naman wuyan nan, ɗan nema."

Haka muke har babban farin nan. A 2007, shekara ta biyu ke nan ba ruwan kirki. Aka rage wa masu noman bakin kogi ruwan ban-ruwa, makiyayar Des ta zama fako. Masu neman ingirici suka yi yawa fiye da ingiricin. Wayar ɗakina ba ta hutawa, mutane daga nesa suna tambaya ko na san mai ko da ruɓaɓɓe ne. Ot ɗin Glenys ya fito gajere, bai kai rabin na kullum ba. Ta lissafa, ta ga in ta ba Des rabonsa, ta ba tsofaffin masu sayenta ɗan abin da za su riƙe rai, ba saura. Tumakinta kuwa sun dogara ga ragowar ingiricin bara da ta ajiye musu a bayan rumfa.

Ta yi yanka a farkon Oktoba. Ot na shekarar fari yana da mugun hali: kan yakan maƙale a cikin kube bai gama fita ba, ga zaƙi ya yi yawa, sai ya ga kamar ya bushe alhali cikinsa jiƙe yake. Ana cikin jira aka ce ruwa na tafe ƙarshen mako. Ruwan da muka roƙa duk lokacin sanyi bai zo ba, sai yanzu da ingirici ke kwance a ƙasa. Gari ya rikice. Mai injin ɗauri ɗaya ne a ɓangarenmu, gona-gona yake bi, kuma ranar Alhamis layi ya zo kan Glenys. Ya gaya mata a fili: ko ya ɗaure duka ranar, ko ya wuce, sai ya gama da kowa ya dawo. Ba zai ja inji ya shiga gona domin rabin mota ba.

Da safiyar Alhamis ɗin Des ya hau sikelina da tirela ba kaya, domin a auna ta kafin lodi. Ya rame. Ko tsokanata bai yi ba.

Ya ce, "Auna, Trev, sauri nake. Abin da ya rage mini a rumfa ba zai kai Litinin ba. Jiya mai sayen shanun yanka ya zo har gida, wai yana wucewa ne. Ungulu ma wucewa take."

Ban gama rubutu ba akori-kurar Glenys ta shigo. Ta fito da kara a hannu, ta zo har gaban tirelar.

"Des, juya motarka. Na sallami mai inji."

Ya tsaya kamar bai ji ba. "Kin yi me?"

Ta durƙusa a bakin sikeli, inda ƙarfe yake, ta ɗora gaɓa ɗaya, ta buga. Na fito daga ɗaki na duba. Tabo ne ƙarami, baƙi, kamar an ɗiga shayi. Ta buga ta biyu, ta buga ta uku. Duk haka.

Des ya ce, "Wannan ɗigon? Saboda wannan ɗigon za ki kai shanuna mahauta? Kowa ɗaurewa yake yau, Glenys! Duba hanya, duba ƙurar injuna. Duk mahaukata ne, ke kaɗai ce mai hankali?"

"Kowa da rumfarsa. Wannan a taka za a jibge shi, rumfar da ke manne da ɗakin tatsa, Marj na kwana taku kaɗan daga wurin."

Marj matar Des ce.

Ya ce, "Ni na ji, na yarda, na ɗauki kasadar. Nawa ne ko naki?"

"Sai ya hau motarka ya zama naka. Yanzu nawa ne."

"Ruwa zai sauka a kansa ranar Asabar!"

"Zai sauka."

"Ya lalace!"

"Ya koɗe dai. Saniya ba ta cin launi."

Des ya cire hularsa ya buga a cinya. Ya juyo gare ni. "Trev, kai mai ilimi ne, gaya wa matar nan wani abu."

Na ce ni nauyi kawai nake aunawa.

Ya ce, "Da Keith na nan da bai yi mini haka ba."

Na ga maganar ta same ta. Ta miƙe a hankali, tana dafe da gwiwa, ta mayar da guduma aljihu.

Ta ce, "Da Keith na nan da ya ɗaure, gaskiyarka. Shi ya sa tun yana da rai ni ke riƙe da gudumar. Biyo ni gida. Akwai na bara a bayan rumfa, ka kwashe. Zai riƙe ka har mai inji ya dawo."

"Na tumakinki ne."

"Na san na wane ne."

"To su ci me?"

"Tunkiya ta fi saniya sanin talauci. Kai dai tayar da motar, kana tare wa Akawu sikeli."

Ya yi ta gardama, ta shiga motarta ta bar shi yana yi. Ƙarshe ya bi ta. Bayan azahar ya dawo ya hau sikeli da lodi, tsohon ingirici mai ƙamshi, busasshe ƙayau. Ya karɓi takardarsa, ya kama hanyar kogi.

Ranar Asabar ruwa ya sauka. Ba mai yawa ba ne, bai isa ya tsirar da ciyawa ba, amma ya isa ya jiƙa duk abin da ke kwance. Gonarta a kan hanyata ta zuwa coci take. Ranar Lahadi na ga layukan sun kwanta sun yi duhu, gonakin maƙwabta kuwa an share su tas, dammuna na cikin rumfa. Da rana ta fito, kwana da kwanaki ina ganinta a kan tarakta tana juya layukan domin iska ta shige su. Ta sauka, ta durƙusa a bayan motar, ta buga, ta tashi, ta ci gaba.

A makon da ya biyo baya motar ɗaukar dabbobi ta hau sikelina, hawa-hawa, cike da tumaki. Na san su tun kafin direba ya faɗi sunan mai kaya. Glenys na biye a akori-kura, amma ba ta zo taga ba. Ni na fita na kai mata takardar.

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka. In na raba su, wa zan zaɓa?"

A shekarar fari kowa sayarwa yake, ba mai neman tunkiyar kiwo. Ita ta san inda yawancinsu za su ƙare, ni ma na sani. Wata tsohuwar tunkiya ta zuro hanci ta tsakanin ƙarafa. Glenys ta dube ta, ta kau da kai.

"Kakar wannan Baba ya ɗauko a cikin rigarsa ranar da aka haife ta. Ka ce wa direba ya tafi, Akawu, rana na dukansu."

Mai inji ya dawo a ƙarshen wata. Wannan karon gaɓa ta farfashe ba tabo. Des ya zo ɗaukar lodin farko, ya riga ya biya ta gonar, ya ga makiyaya wayam. Da ya hau sikeli ya sauko daga mota, ya sami Glenys tana shan shayi a bakin tagata. Ya daɗe a tsaye yana murza hula.

Ya ce, "Ba ki gaya mini ba."

"Ka tambaye ni su ci me, na ba ka amsa."

"Glenys, garken Babanki ne."

"Shanunka ma garken wani ne. Ka zo ka yi mini kuka ne, ko ka zo ɗaukar kaya?"

Ya je ya zaro tafi guda daga cikin damin da ke kan tirelarsa, ya shinshina, ya murza, ya ɗaga shi sama. Ya koɗe ƙwarai, launinsa kamar tsohuwar tabarma. Ya ce, "Wannan ko jaki sai an rufe masa ido zai ci."

Ta ce, "To rufe idonka ka ɗanɗana mana."

Direbobin da ke jiran layi suka fashe da dariya. Des ma ya yi, yana share fuska da hula.

Ina son in faɗi abin da na sani daidai, ba ƙari. Ingiricin da ruwa ya taɓa bai kai na kullum ba, nonon shanun Des ya ragu a bazarar nan, shi da kansa ya faɗa. Amma sun ci, ba wadda ta yi ciwo, kuma ba wadda ta hau motar mahauta sai tsofaffin da dama lokacinsu ya yi. Cikin waɗanda suka ɗaure a ranar Alhamis ɗin, da yawa ba abin da ya same su. Wasu sun buɗe dami sun tarar da fumfuna. Rumfuna biyu sun ƙone a gundumarmu kafin sabuwar shekara, na mutanen kirki, waɗanda su ma dabbobi ke kuka a bayansu. Ba wanda zai iya rantsewa cewa da an ɗaure na Glenys da ya kama wuta. Na taɓa tambayarta.

Ta ce, "Ni ma ban sani ba, Akawu. Amma ba a rumfar Des zan gwada ba."

Da fari ya wuce, Des ya yi ta cigiya ko akwai waɗanda suka tsira daga garken. Ya samo 'yan kaɗan a hannun wani makiyayi can kudu, ya kawo mata su ba shawara. Ta zagaya su, ta buɗe gashin bayansu ta duba, ta ce uku ne kawai jinin garken Babanta, sauran an yi masa wayo. Ta karɓi ukun, ta sa shi ya koma da sauran. Ba ta sake tara garke ba. Ban taɓa jin ya ce mata na gode ba. Sai dai duk zuwansa akwai gwangwanin kirim ɗin madara mai kauri da kek ɗin Marj a kujerar gaba, ya miƙa mata yana kushe ingiricin shekarar.

Glenys ta ci gaba da noma har 2016, lokacin da gwiwoyinta suka ƙi hawa tarakta. Ta ba maƙwabcinta hayar gonar, da sharaɗin rabon bakin kogi shi za a fara warewa. Des ya miƙa wa 'yarsa shanun, suna nan ana tatsa, kuma motarsu na hawa sikelina kowace Nuwamba. Shi kuwa ya rasu a 2021. Ita tana zaune a wani ƙaramin gida bayan coci, jikokin tumakin nan uku na kiwo a filin da ke bayansa. Ita ce alƙaliyar ingirici a bikin nunin amfanin gona na garinmu, kuma tana zuwa da gudumarta.